Kujerar Da Ba Ta Kai Hawa Na Uku Ba

Akwai wani mutum a wani ofis mai sanyi da ya kulle tsoho a ɗaki. Bai taɓa ganin tsohon ba, bai san launin ƙofar ba, amma shi ya kulle shi. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Direba ake ce wa tsohon, don a kan sitiyarin bas ƙuruciyarsa ta ƙare. Yanzu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ga shi a hawa na uku na wani bene mai matsattsiyar matakala. Tun ranar da ya gwada sauka shi kaɗai ya fasa goshi, 'yarsa ta daina yarda da shi. Kullum da sassafe sai ta canza masa riga, ta ajiye shayi da magani, ta jawo kujerarsa bakin taga, ta rataya jakarta wadda ba ta taɓa buɗewa a gabansa ba.

"Baba, sai na dawo."

Sai ƙarar makulli.

Ta tagar nan yake kallon abin da ke cinsa. Ƙungiyar unguwa ta samu tallafi daga wata gidauniya don gwada wani shiri: a riƙa fito da tsofaffin da ciwo ya maƙale a ɗaki su sha iska. An sayo kujera mai ɗamara, an ɗauki ƙarti biyu masu sauko da mutum daga bene kamar ƙwai a faranti. A filin da ke ƙasa ana auna hawan jini, ana miƙe gaɓoɓi, ana musu a kan zamanin da ya wuce.

Masu tallafin mutane ne masu son tsabta. Sun ce kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, kada kujera ta fita daga unguwa, kada shugabanni su sa danginsu, kada a sayar da ko allura. A karya ɗaya, shiri ya mutu. Sun kuma ce da Shugabar ƙungiyar suka yarda, in ta sauka su ma sun naɗe tabarmarsu. Ita kuwa ta riƙe dokokin nan kamar mai ɗauke da garwashi a tafin hannu.

Babu benen da kujerar ba ta hau ba. Ta sauko da Mai Wanki, ta sauko da tsohuwar ungozoma, har da Tela, abokin tsokanar Direba, wanda ke hawa na biyu, daidai ƙarƙashin ƙafarsa. Direba yakan ji hakin ƙartin a matakala yana matsowa. Ya gyara wuyan riga da hannunsa mai lafiya. Sai ya ji sun tsaya a ƙofar Tela, sun juya.

Daga ƙasa Tela yakan ɗaga sanda. "Direba, motar ta ƙi tashi ne? A zo a tura?"

"Ka ji da wandonka, tela mai ɗinka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Kowa ya yi dariya, har da shi, don kada a ce. Shugaba ce kaɗai ba ta dariya. Tana tsaye cikin koriyar rigar ƙungiya, tana gyara wa wannan matashi, tana ɗaure wa wancan takalmi, ta juya wa benen baya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga kai ta kalli tagar ba.

Ɗakin ya fara matse shi. Ya san kowace tsaga ta bango, ya san lokacin da rana ke taɓa ƙafar gado. Mutumin da ya ratsa garuruwa yana rarraba fasinja, yau iyakarsa taga.

Ranar da wakilin gidauniya ya zo duba ko shirin ya cancanci ci gaba, an share fili, an jera tsofaffi kamar kayan kanti. Direba ya jawo jikinsa, ya dafa ƙarfen taga. Harshe ya yi nauyi, amma maƙogwaron da ya saba rinjayar ƙarar inji bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba tsoho ba ne?"

Tela ya sunkuyar da kai. Wakili ya kare ido da hannu, ya hango shi, ya tambayi Shugaba wani abu. Ta amsa a hankali, idonta a ƙasa. Direba bai ji ba, ya dai sa ido ga kujerar da ke jingine a gindin matakala, ƙartin suna tsaye kusa da ita, umarni kawai suke jira.

Wakili ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, sannan ya fara tafi. Ya ce irin wannan riƙon amana suke nema ruwa a jallo, za a ba da labarinsa a sauran unguwanni. Ya ɗaga wa Direba hannu cikin girmamawa, ya shiga mota.

Kujerar ba ta motsa ba.

Da yamma makulli ya juya. 'Yarsa ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Yau ta manta ba ta cire koriyar rigar a matakala ta cusa a jaka ba.

"Baba, sun ƙara mana wa'adi. Sun ce saboda kai ne."

To kai mai karatu, ga makulli a hannun Shugaba, ga ubanta a bakin taga: in ka isa, ka ce mini ita ta kulle shi.