Sabon Tsarin Auta

Da bakin cokali Auta ta ɓamɓaro maɓallin ƙarshe na kibod ɗin Goggo, ta dasa shi a tsakiya. Mako uku ta yi tana ƙirga haruffan da aka fi dannawa, ta jera su inda yatsu ba za su wahala ba.

Goggo mai shagon buga takardu ta yi alkawari: in sabon tsarin ya yi sauri, Auta ta samu kujera a shagon.

Goggo ta zauna, ta kafa wa takarda ido. Yatsunta suka shiga aiki. Minti biyu shafi ya cika, babu kuskure.

"Kin gani ko, Goggo?" in ji Auta. "Tsarina ne."

"To 'yar boko, zauna mu ga naki."

Auta ta lalubo A, ta danna. Sai ga Q. Ta danna N, sai ga J.

"Murafe kawai kika sauya, uwata, kwamfutar ba ta ma sani ba," in ji Goggo tana dariya. "Ni kuwa rabona da kallon kibod tun ba a haife ki ba."