Jiragen Trafalgar a Bangon Josiah

Ba yau Mourtala ya fara kama tsohon nan yana ƙura wa mahaifiyarsa ido ba. Josiah sunansa, Ba'amurke baƙar fata da ke zaune shi kaɗai a gidan da ke kallon nasu. Da zarar Hajiya Oumou ta fito shan iska, sai ya bar ban ruwan furanninsa, ya zuba mata ido, ya ja yatsunsa daga gefen baki zuwa kunne.

Wannan alamar ce ta hana Mourtala sakat. Bizar Hajiya ta ƙare tun bara, kuma tun bayan harin 11 ga Satumba a nan Amurka, waya ɗaya ta isa a zo a ɗauke mutum. Ga shi tsohon har ya taɓa tambayarsa daga wane gari take. Ina ruwansa?

Ran nan Hajiya ta shigo tana kiransa. "Mourtala, mutumin nan hoto ya ɗauke ni, wallahi!"

Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya tsallaka titi.

Josiah ya buɗe ƙofa kamar dama jiransa yake. Bangon falon cike yake da zanen jiragen ruwa irin na dā masu filafilai, kowanne da suna ɗaya a jikinsa: Trafalgar.

"Da Ingila ta ci wani yaƙi a teku, 'yan kasuwa suka yi ta raɗa wa jiragensu sunan wurin," in ji tsohon. "Wani auduga ya ɗauko, wani shayi, wani mutane. Sunan nan kaɗai danginmu suka riƙe, na jirgin da ya kawo kakar kakata cikin bayi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gaya mini daga ina aka ɗauko ta."

"Ni ba tarihi ya kawo ni ba," in ji Mourtala, zuciyarsa na tafasa. "Wa ka kai wa hoton uwata?"

Tsohon ya ja shi ƙuryar falo.

Ga hoton Hajiya nan a kan teburi, jingine da wani tsohon hoto da ya koɗe. Wata dattijuwa ce, kakar kakar Josiah, kuma a kumatunta akwai tsagen Gobirawa, layi-layi daga gefen baki zuwa kunne, sak irin na Hajiya.