Wayar Birkin Keke

Sada na sunkuye cikin bonet ɗin sabuwar akori-kurarsa, filaya a hannu, wayar birkin keke a baki, sai ya ji sallama a bayansa. Muryar kaɗai ta ishe shi. Bai amsa ba, alhali ya san hakan ba kyau.

Hambali ne, tsohon direbansa, kwana uku da fitowa daga gidan yari.

Kafin ruwan Tiga ya iso gonakin Kura, Sada mai gyaran keke ne a bakin kasuwa. Tumatirin rani biyu ya saya masa mota, amma bai raba shi da ƙaiƙayin hannu ba. Wata rana ya rage hanya a motar wani Bature cikin injiniyoyin da ke haƙa magudanan ruwa, ya ga mutumin ya danna wani maɓalli ya ɗage ƙafa daga totur, mota kuwa na ta tafiyarta ba ragi ba ƙari. Sada ya kwana uku yana zancen. A na huɗu ya ɗauko wayar birki ya ɗaura a jikin kafireta, ya zuro ta har gefen sitiyari, ya yi mata zobe, ya kafa ƙusa uku. Ka rataya zoben a ƙusar farko ka sami gudun mil talatin, ta biyu arba'in, ta uku hamsin. In za ka tsaya sai ka zare, wayar ta koma da kanta.

Mutane har daga Bunkure suka zo kallo. Aka sa masa Injiniya, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu-biyu.

Hambali ne kawai bai yaba ba. Ya ce tun da ya ratsa laka da motar wayar take ɗan yin nauyi.

Sada ya ce, "Kai dai tuƙi ka iya. Bar wa masu kai aikin kai."

Hambali ya bar masa zancen, ya koma tuƙinsa. Haka yake tun suna yara, tun da uwarsa ta rasu, Iya mahaifiyar Sada ta ɗauke shi ta haɗa su kwano ɗaya.

A kakar tumatirin saba'in da bakwai kasuwa ta faɗi, kowa ya koma yanka yana shanya kauɗa a gefen hanya. Iya ma ta fita da nata, ga tsufa ga nauyin kunne, ta shimfiɗa a bayan kwanar da ke kusa da gadar magudana. Nan motar ɗanta ta buge ta ana gab da la'asar.

Da jama'a suka iso sun tarar da Hambali zaune a ƙasa, kanta a cinyarsa, tafin hannunsa na dama na zubar da jini. Aka ce gilashi ne ya yanke shi, kuma ba wanda ya damu ya dubi gilashin, wanda ko tsagewa bai yi ba. 'Yan sanda suka auna sawun taya a hanya, ya yi tsawo ƙwarai. Suka tambayi wayar nan da ake ta labari, Hambali ya ce ya cire ta tun mako guda da ya wuce ya jefa a ruwa. A gaban alƙali ma bai wahalar da kowa ba. Ya ce gudu yake yi, hankalinsa na wani wuri. Aka ba shi shekara huɗu.

Sada bai taɓa kai masa ziyara ba. Ya sayar da motar, ya hana a ambaci sunansa a gidan, ya daina gaisawa da Kubra matar Hambali ko a hanya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne cire wayar. Ya sha faɗa a majalisa cewa da butulun nan ya bar ta a ƙusar farko, da Iya na nan da ranta. Faɗin haka ne yake sa shi iya barci.

Yanzu ga butulun a tsaye, ya rame, ya yi furfura, yana kallon ƙusa uku sababbi a gefen sitiyari.

"Na ji an ce gobe da kanka za ka tuƙa, za ka kai iyali biki Kumbotso."

"Ina ruwan wani?"

"Don Allah, Sada, cire wayar nan."

Sada ya miƙe. "Ka cire ɗaya ka kashe min uwa. Yanzu kuma wa ya rage ka zo nema?"

"Ka zage ni yadda kake so, amma ka cire."

"Wallahi ba zan cire ba. Fice min daga gida."

Hambali bai motsa ba. Ya dubi zauren, inda 'ya'yan Sada mata ke gwada 'yan kunnen biki suna dariya, ya daɗe yana dubansu. Akwai sirrin da ya so ya mutu da shi a cikinsa, har rantsuwa ya sa Kubra ta yi a kai. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani tsumma da ta binne a ƙarƙashin randa shekara huɗu, ya kwance shi a kan mota.

Tsohuwar waya ce, ta yi tsatsa. Sada ya gane ƙullin hannunsa a jikin zoben. Silin wayar sun tsittsinke sun cushe a bakin kwanson da take bi ta ciki, ya ja, ya tura, ko motsi ba ta yi ba. Hambali ya buɗe tafin hannunsa kusa da ita, ga tabo siriri ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe.

"Da hannuna na tumɓuke ta kafin mutane su iso," in ji shi. "Na zare zoben tun kafin kwana, Sada, na taka birki har ƙafata ta sage. Wayarka ce ta ƙi sakin motar."