Awon Ragar Shinge

Ya jingina ragar ƙarfen da bango, ya cire tabaran walda, ya ce wa matarsa, "Duba min, ramukan nan ba su yi faɗi ba? So nake ko yatsan ƙafar yaro ya rasa wurin takawa."

Kwana arba'in ke nan da 'yarsu ta haura tsohuwar wayar da ta kewaye kududdufin bayan gari, ruwa ya ci ta. Tun ranar ya rufe shagonsa na Gaya, sabon shingen kawai yake haɗawa yana warwarewa.

"Na rasa abin awo," in ji shi. "Ba na iya kallon ƙafar 'ya'yan maƙwabta."

Matar ta tashi ta janye tabarmar da ta rufe dokin ƙofa da ita tun rasuwar. Ga ɗan sawu nan a jikin siminti, yatsu biyar cif. Bara yarinyar ta taka daɓen yana ɗanye, har ta sha duka a hannun uwar.

"Malam, auna da wannan."

Ya durƙusa da tef. Ita ta riƙe masa ɗaya bakin.