Tsohuwar Havana a Bango

Tafi ya kaure a zauren baje hotuna na Harlem, amma mahaifiyar mai hoton ba ta tafa ba. A bango ga hoton tsohuwar da ta riƙe ta lokacin karatun likita a Havana, cikin yagaggiyar riga, an rubuta "Juriya" a ƙasa.

Ta fizgo 'yarta, wadda ta ɗauki hoton. "Gaisuwa na aike ki ko tonon asiri? Matar da ko shara ba ta zubarwa sai da kwalliya!"

"Mama, haka na same ta."

"Ƙarya kike!"

Ta dangwala yatsa a gefen hoton. A cikinsa, kan kujera, ga sabuwar rigar atamfar da ta aika wa tsohuwar, an tuɓe a gurguje, hannu ɗaya a juye.