Ranar da Na Kwaikwayi Inna

Ina 'yar shekara tara a gidanmu na Roni, shekarar da aka fara boko kyauta. Wata la'asar muna ɓare gyaɗa da Inna, sai ta saki ƙwarya, zufa ta keto mata. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Zuciyarta na dukan uku-uku.

"Ji yadda take yi, 'yar nan," ta ce a hankali. "Tsoro nake ji, ban san na mene ne ba. Zauna kusa da ni."

Ban zauna ba. Na fizge hannuna na ruga wurin matan maƙwabta da ke daka, na dafe ƙirji ina haki, ina kwaikwayonta. Suka kwashe da dariya. Da na waiga, Inna na tsaye a bakin ƙofa. Ta gyara ɗankwalinta ta koma ciki.

Bara al'adata ta fara ɗaukewa, wannan faɗuwar gaban ta same ni. Likita ta ce shekaru ne, ba ciwon zuciya ba. Na fito daga asibiti ina son roƙon gafara, Inna kuwa ta daɗe da rasuwa.