Disket Daga Damagaram

"Cutar kwamfuta nake dubawa, Madam," na ce wa matata, na zura faifan disket ɗin da na aro a Damagaram cikin kwamfutarta. Ƙarya nake. Wasiƙun daraktansu nake nema, mutumin da ba ya gajiya da yabon aikinta.

Na buɗe komai. Rahoton rijiyoyin garin Kelle kawai na gani, babu ko gaisuwa. Har na ji haushi.

Washegari kwamfuta ta ƙi tashi. Mai gyara ya ɗaga disket ɗina. "Malam, wannan ya shigo da cutar. Aikin wata shida ya tafi."

Matata ta yafa mayafinta. "Ba komai, maigida. Darakta yana da kwamfuta a ofishinsa. Sai mu sake bugawa, ni da shi."